Sunayen da Na Ƙi Faɗa

Me zai same ni da na buɗe baki na faɗi sunayen nan? Shekara huɗu ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya, ban samu amsa ba, kuma na san da ita za a kai ni kabari. Ban yi karatu ba. Ɗiyata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce kada ta gyara komai don ta rufa mini asiri.

Mu mutanen Argungu ne. Maigidana masunci ne, ubansa ma haka. Da ciwo ya kwantar da shi, babban ɗanmu ya ɗauko mu zuwa gidansa a unguwar Badariya don mu yi kusa da asibiti. A lokacin ne ɗiyar tawa, wadda malamar makaranta ce, ta je wani horo inda aka koya musu yadda ake tattara tarihin gida. Ta dawo da zumuɗi tana yi mana bayani: a fara da wanda ya fi kowa tsufa, a tambayi sunan kowane kaka da garinsa da sana'arsa, a ɗauki murya a waya, sannan a je a gwada da bakin wani tsohon. Har ta zana gidaje-gidaje a babban littafi, kowane kaka da nasa.

Malam ya yi murna ƙwarai. Ya ce yana riƙe da sunaye bakwai a kansa, daga nasa da na ubansa har na kakanni, kowane da labarinsa, kuma a cikin jirgi ubansa ya koya masa su, yana faɗa yana maimaitawa. Sai dai ran nan numfashinsa ya ƙi, ita kuma aiki ya kai ta wani gari na mako biyu. Ta ce, "Baba, ka ajiye mini su, ina dawowa."

Kwana uku da tafiyarta, da hantsi, ya kira ni. Ya ce, "Zauna nan. Jikin nan ba ya yi mini alkawarin mako biyu. Ke kina da kai, waƙar daka ko ta shekara hamsin ba ki manta ba. In faɗa, ki maimaita."

Na zauna. Ya fara da sunansa, ɗan wane, ɗan wane. Nan na daskare. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa furta sunansa ba, balle na surukina. Haka aka tarbiyyantar da mu. Ko yaron maƙwabta ne mai irin sunan, sai dai in ce masa mai sunan Malam.

Na ja mayafi na rufe baki. Na ce, "Malam, a tsallake biyun farko mana."

Ya ce, "Ana hawa tsani daga tsakiya? Haka aka ba ni, haka zan ba ki."

Na ce, "Da furfurata?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Shekara arba'in da biyar kina ɓoye sunan nan, ko ɓarawo bai iya ɓoye abu haka ba. Daga ni sai ke a ɗakin nan, wa zai kai ƙararki?"

Ni ma na yi dariya, na tashi na fita. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, ina fita ina jin daɗin kaina, wai ni mace mai kunya. Washegari ya sake, rana ta uku ma haka. Yana jero sunayen, ni kuwa ina sunkuye ina wasa da bakin zane, suna wucewa ta kunnena kamar hirar masu wucewa a bayan katanga. Ban bar ko ɗaya ya zauna ba, don ina tsoron ya ce in maimaita. A rana ta huɗu, kafin azahar, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan addu'ar bakwai ɗiyata ta zo da littafinta, idanunta a kumbure. Ta ce, "Inna, yaya ya ce Baba ya yi ta zama da ke. Me ya bar mana?" Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta rufe littafin a hankali kawai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da na fita takaba muka tafi Argungu tare, gida-gida, tana tambaya kamar yadda aka koya mata. Wani tsoho abokin kamun kifin Malam ya ba mu suna na uku a jerin, ya ce shi ne ya fara kafa gida a bakin gulbi. Wata gwaggo ta ba mu na huɗu, amma ta ce ba za ta rantse ba. Daga nan babu wanda ya san komai. Gida uku a littafin nan har yau babu kowa a ciki, kuma ni na bar su haka.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba. Amma na gane cewa girmama mutum ba ɓoye sunansa ba ne kawai. Na tsare sunan surukina daga bakina, na bar na kakanninsa suka ɓace daga duniya. Wanda ke da tsoho a gida ya zauna yau ya saurara, ya maimaita da bakinsa. Yanzu duk jikan da ya zo sai na zaunar da shi na faɗa masa huɗun da suka rage, tun daga na Malam, da ƙarfi, ina kuka ina faɗa.

A safiyar ƙarshen nan, da na sake ƙin maimaitawa, ya daɗe yana kallona. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. Na ce na bar tukunya a wuta. Ya gyara kwanciya ya juya wajen bango, ya ce, "To, jeki kada ta ƙone. In kin sauke ki dawo mu sake gwadawa, ina nan."