Kawu da Maganaɗisun Sabon Maigida

Kawuna ya shekara talatin da ɗaya yana rarrabe tarkacen ƙarfe a yadi guda, kuma a duk shekarun nan ba a samu wanda ya zarge shi da fara'a ba. Yakan zauna a kan tsohuwar tayar mota da magagari a hannu, yana ware jan ƙarfe daga baƙi. Ya ɗauki waya ya jinjina, ya ɗan goge bayanta ya leƙa cikinta, ya jefa dama ko hagu. Da wannan ya aurar da 'ya'ya huɗu, waɗanda har yau daga bakin ƙofa suke gaishe shi.

Da mai yadin ya rasu, ɗansa ya gaji wurin, har da Kawu, kuma a cikin abin da ya gada, Kawu ne kaɗai bai yi masa ba. Ya sayo maganaɗisu mai faɗin faranti, ya danƙa wa ƙanen matarsa, mutumin da ya ƙware wajen tsayawa kusa da aiki. Dokar mai sauƙi ce: abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, jan da bai manne ba jan ƙarfe ne. Sabon maigidan ya shaida wa Kawu cewa idan abin ya yi kyau zuwa ƙarshen wata, sai ya je gida ya huta. Kawu ya buɗe baki, maigida ya ce ba a tambaye shi ba.

A mako na biyu aka kawo buhunan wayar tsofaffin injina, ja wur da ita. Alminiyam ce aka yi wa rufin ja, shi kuwa maganaɗisu ba ya kama alminiyam. Surukin maigidan ya zuba ta duka cikin jan ƙarfe. Kawu ya ɗauki dunƙule ɗaya, ya ji ba nauyi, ya mayar da shi a hankali. Har ya taya ɗaure buhu, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba.

Bayan kwana uku masu narkar da ƙarfe da suka sayi kayan suka dawo da lodin, tare da saƙon kada a sake kawo musu kome daga yadin nan.

"Baba, ka sani ko ba ka sani ba?" in ji maigida.

"Na sani, ɗana."

"To, me ya hana ka magana?"

"Na ga akwai manya a wurin."

Surukin ya tsira, don jahilci ba ya hana cin abinci a gidan yayarsa. Kawu aka sallama a ranar.

Yanzu yana zama a ƙetaren titi, daidai ƙofar yadin. Masu tura baro sukan biya ta wurinsa ya ware musu kaya, ya nuna musu wanda zai saya da daraja a gaba. Abin da ya rage, tsatsa da gwangwani, shi yake cewa su shiga da shi ciki, a gaishe masa da maigida.