Ranar da Aka Ƙaurar da Muryar Lasifika

Shekara ashirin da shida ya yi yana sanarwa a tashar jirgin ƙasa, a wani ɗan ɗaki mai taga guda. Ma'aikata ba sa kiran sunansa, Lasifika suke ce masa. Ko an ɗauke wuta, sai ya leƙo ta taga ya faɗi jirgin da ya makara, na can ƙarshen tasha ma ya ji. A gida ma haka yake. Matarsa takan ce ko gishiri zai tambaya, sai maƙwabta sun sani.

Bayan ya yi ritaya ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro. Da likita ya ce aikin da za a yi zai tafi da muryarsa, babbar 'yarsa, mai aikin kwamfuta a wani ofishi, ta zaunar da shi mako uku yana karanta jimloli a makirufo. Wata manhaja ta harhaɗa su, ta yadda in ya rubuta magana, laftof ɗinsa ta faɗe ta da muryarsa. Tana ɗan sarƙewa, amma dai tasa ce.

Manhajar tsohuwa ce, ba ta aiki sai a tsohon tsarin kwamfuta. Sai 'yar ta gina mata kwamfuta a cikin kwamfuta: babban fayil guda, ɗauke da tsohon tsarin da manhajar da muryar. Shekara bakwai da ita yake gaisawa da baƙi, yake tsawata wa jikoki, yake tsokanar matarsa.

Laftof ɗin ta tsufa. Ta riƙa zafi tana gurnani, tana mutuwa ana tsakiyar magana. 'Yar ta kawo sabuwa, mai tsarin aiki daban.

"Baba, ba wani abu ba ne," in ji ta. "Fayil ɗin zan kwashe in kai can, kamar a ɗauki ɗaki da kayansa a ajiye a wani gida."

Ya rubuta, muryar ta ce, "In ɗakin ya ƙi zama fa?"

"Ai tsohuwar tana nan, sai mu koma."

Ranar Asabar da safe ta jera laftof ɗin biyu a kan teburin cin abinci, ta kunna wa tsohuwar fanka. Kwafin ya ci awa huɗu. Yana gamawa ba da jimawa ba suka ji ƙauri, allon tsohuwar ya yi baƙi. Ta ce ba komai, fayil ya riga ya haye.

A sabuwar, tsohon tsarin ya tashi lafiya lau. Amma da ta buɗe manhajar, sai ga saƙo: an canza na'ura, a tuntuɓi kamfani ya tabbatar da lasisi. Kamfanin kuwa ya shekara huɗu da rufewa. Lambar wayarsu ba ta shiga, shafinsu ba ya buɗewa.

Kwana goma tana fama. Ashe lasisin ɗaure yake da wata lamba da ke jikin tsohuwar laftof, ita kuma ba ta taɓa rubuta ta ba. Mai gyara ya buɗe tsohuwar, ya sunsuna, ya ce ciki ya ƙone ƙurmus. Ainihin sautin da suka ɗauka da makirufo, ita da hannunta ta goge shi tuntuni, lokacin da wuri ya yi mata kaɗan.

Ta sa masa wata sabuwar manhaja mai muryar da ta zo da ita. Ya rubuta wa matarsa, "Kin tashi lafiya?" Muryar wani saurayi ce ta fito, sumul, ba ko gargada. Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau," kamar tana amsa wa baƙo, ta miƙe ta shige kicin. Ya rufe laftof ɗin, bai sake buɗe ta ba.

Ya koma littafi da biro. Idon matar ya yi rauni, dole yake rubutu manya-manya, shafi guda bai ɗaukar fiye da kalma biyar. Magana ta ragu a gidan ƙwarai.

'Yar ta ɗauke ƙafa har wata guda. Sai ya ba matarsa takarda a ninke ta kai mata ofis: "Zo ki ci abinci. Ba ke kika ƙona ta ba."

Ta zo, ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, ta kasa ɗaga kai. Ya tura mata kwano da yatsa, ya zuba mata ido har ta fara ci.

Da zagayowar shekara ciwon ya dawo, a huhu wannan karon, bai kuwa ɗauki lokaci ba ya tafi da shi.