Kwalin Kaset da Muka Kai wa Malam Tsibiri

Haƙƙin da ke kanmu ba mai wuyar fahimta ba ne. Lokacin da Malam ya ajiye aikin koyar da Faransanci a nan Greensboro ta ƙasar Amurka, ya bi maiɗakinsa zuwa ƙasarsu Girka, ya bar wa ƙungiyarmu ajiyar kwali guda na kaset-kaset. A cikinsu akwai muryar mahaifiyarsa, wadda ya ɗauka a ƙauyensu na ƙasar Damagaram kafin Allah ya yi mata rasuwa: waƙoƙin daka da na niƙa, da tatsuniyoyi, da labarin yadda aka sari garin. Ya ce zai dawo ya karɓa. Ciwon zuciya ya hana shi doguwar tafiya, shekaru suka shuɗe. A bana ya aiko cewa littafin da yake rubutawa ya tsaya cik sai ya saurare su, kuma bai amince a sa su a gidan waya ba. Abin da aka ba mu a rufe, wajibinmu ne mu mayar da shi yadda yake, hannu da hannu. Taro ya wakilta ni a matsayina na magatakarda, tare da wani Alhaji daga cikin dattawanmu. Ga bayanin tafiyar kamar yadda ta kasance.

Mun tashi da asuba daga ofishinmu da ke bayan kantin nama a High Point Road, inda aka fito mini da kwalin daga kabad, an naɗe shi da salatif ta kowace kusurwa. Ban buɗe ba, domin a ganina buɗe ajiyar mutum ba tare da izninsa ba cin amana ne. A filin jirgi an sa mun cire takalma, Alhaji kuwa saboda babbar rigarsa an laluba shi kamar ana neman allura. Ni kuma na tsaya kai da fata cewa kwalin ba zai shiga cikin kaya ba, tare da ni zai zauna. Har gardama na yi da jami'in da ke gaban na'urar bincike, ina tsoron kada ta goge wani abu a ciki. Ya yi haƙuri da ni, ya rantse mini babu abin da zai same su. Ina ambaton wannan ne don a san irin tattalin da aka yi wa kwalin a hanya.

Daga New York muka miƙe zuwa Athens, babban birnin Girka. Gari ne mai hayaniya, babura ko'ina, kuma direbobinsa ba su ɗauki layin titi da muhimmanci ba. Mai tasin da ya kai mu tashar jiragen ruwa masu zuwa tsibirin da Malam yake bai daina ƙorafi ba cewa tun da aka kawo musu sabon kuɗin yuro komai ya yi tashin gwauron zabo. Alhaji ya gaskata shi. Duk abin da aka faɗa masa farashinsa sai ya mayar da shi sefa a ransa, sa'an nan ya ce shi a ƙoshe yake.

Jirgin ruwan ya fi ƙarfin yadda na zata, har manyan motoci ke shiga cikinsa da kayansu. Alhaji, wanda ya sha ba mu labarin yadda ya ƙetare hamada a bayan babbar mota yana saurayi, teku ta kwantar da shi tun kafin gari ya ɓace mana. Ya miƙe a kan benci yana salati, ya ce idan Allah ya sauke shi lafiya, shi da ruwa sai na alwala. Ni na zauna da kwalin a kan cinyata ina kallon tsibirai suna wucewa, duwatsu ne tsirara, da fararen gidaje a manne a jikinsu.

Malam na jiranmu a bakin tasha, da sandarsa da hularsa. Ya rame, amma idonsa na nan da kaifinsa. Ya gaishe mu da gajiya, da iyali, da aiki, da mutanen Greensboro gida-gida, ya kai ƙarshe, sai ya sake ɗaukowa daga farko. Da ya ga mun dubi juna, ya yi dariya.

"Ku bar ni in ƙara," in ji shi. "A nan kalma ɗaya ce gaisuwarsu, kowa ya kama gabansa. Rabona da in gaisa da mutum har in ƙoshi, na manta."

Mota ba ta hawa unguwarsu. Matakala ce ta dutse, jakuna ke kai kaya, kuma da jaki aka ɗauki jakunkunanmu, ban da kwalin. Gidan na iyayen maiɗakinsa ne, ɗakuna ƙanana, an shafe su da farar ƙasa. Ita kuwa dattijuwa ce mai fara'a, tana jin Hausa daidai gwargwado, kuma ta tarbe mu da "sannunku da zuwa" irin ta mutanen Zinder. Malam ya karɓi kwalin da hannu biyu, ya ɗora shi a kan teburinsa, bai buɗe ba. Rikodarsa na wurin mai gyara, ya ce sai ta dawo. Wannan ya ba mu 'yan kwanaki na ganin yadda yake rayuwa.

Bayan sallar asuba yakan fito tsakar gida, inda teburinsa yake a ƙarƙashin rumfar inabi, ya yi ta rubutu da alƙalami har rana ta ɗaga. Ba a yi masa magana a lokacin. Idan iska ta taso daga teku, sai ya danne takardunsa da duwatsu. Da hantsi ya sauka bakin ruwa a hankali, yana hutawa a kan matakala, ya sayo burodi da kifin da aka kamo da safe, ya zauna da tsofaffin masunta su sha gahawa mai kauri wadda rabin kofin laka ce. Suna kiransa malami da harshensu. Da azahar garin yakan mutu murus, a rufe kantuna, kowa ya kwanta, ba ka jin komai sai ƙararrawar wuyan awaki. Babu masallaci a tsibirin, ranar Juma'a azahar yake yi shi kaɗai, sai a wannan makon da muka yi jam'i mu uku.

Ruwa na da daraja a wurin mutanen tsibirin kamar a ƙasar Malam ta haihuwa. Na sama suke tarawa a rijiyar da ke ƙarƙashin gida, kuma ruwan wanke kwano shi ake zuba wa shuka. Malam na da yakuwa da kuɓewa a cikin gwangwanaye. Na yi mamakin ganin su ma Girkawa suna cin kuɓewa, sai dai ba sa kaɗa ta, dafa ta suke yi sukutum da tumatir da man zaitun. Alhaji ya ci, ya ce ba laifi, amma an ɓata kuɓewa.

Da yamma ya nuna mini littafin. Labarin ƙauyensu ne ta bakin matan garin. A shafuka da dama ya bar fili fari, wani rabin shafi, wani fiye.

"Nan waƙarta za ta shiga," ya ce. "Ina tuna farkon, ƙarshen ya gudu. Ba na son in ƙaga mata abin da ba ta faɗa ba."

Ranar da rikodar ta dawo, da hantsi muka zauna a ƙarƙashin rumfar. Maiɗakinsa ta kawo gahawa ta zauna daga gefe. Malam ya yi bisimilla, ya yanka salatif da wuƙa. Kowane kaset na ɗauke da rubutunsa da koren tawada. Ya zaɓi guda, ya sa, ya danna, ya rufe ido.

Muryar da ta fito ta namiji ce, tana cewa a yi shiru a baya, a yi shiru don Allah. Taronmu ne. Ana jayayya kan wanda zai kawo shinkafar walimar Sallah, wani na cewa bara shi ya kawo, wani na cewa ba ta dahu ba. Can sai na ji muryata ina karanta bayanin taron da ya gabata, a natse, ina jan kowace jimla. Na san ana ɗaukar tarukanmu a wancan lokaci. Ban taɓa sanin a kan me ake ɗauka ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Malam ya cire, ya sa wani. Wannan wani ne ke fassara wa sababbin zuwa tambayoyin jarrabawar lasin tuƙi, yana bayanin abin da ake yi idan motar 'yan makaranta ta tsaya. Na gaba kiɗan suna ne da aka yi a wani gida a Pleasant Garden, ana kiran sunayen masu liƙi. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu gidajen kaset ɗin kuma babu komai a ciki, fanko ne aka jera don kwalin ya cika.

Ya ɗaga guda ya duba bakinsa na sama, ya miƙo mini. Kowa ya san ƙaramin haƙorin da ake karyawa a kaset don kada a iya ɗaukar wani abu a kansa. Malam ya karye su duka tun da daɗewa. Wani ya bi ramukan ya toshe su da salatif, a tsanake, ɗaya-ɗaya. Ba kuskuren hannu ba ne. Kuma wanda ya mayar da su kwali ya naɗe bayan saƙon Malam ya iso, ya san abin da yake rufewa.

"Malam," in ji Alhaji, "wallahi mu..." Sai ya cire hularsa ya riƙe.

"Sa hularka, Alhaji. Kai teku ta riga ta hukunta ka."

Ya mayar da kaset na farko, ya bar shi yana tafiya. Muka zauna muka saurari kanmu har aka yi addu'ar tashi, aka ji ƙarar kujeru. Sai wani ɗan ƙas, inda mai ɗauka ya kashe. Bayansa ɗan abin da ya rage na zaren ya ci gaba. Wata tsohuwa ta yi tari, ta ce wa wani ya kore mata kazar nan daga kan shanya, ta gyara murya za ta fara. Zaren ya ƙare.

"Ita ce," in ji Malam. "Kaza take kora."

Ya ciro kaset ɗin, ya zura alƙalaminsa a ramin, ya juya shi baya kaɗan da hannu, ya sake sawa. Maiɗakinsa ta tashi ta shige ɗaki. Ban ƙirga sau nawa ya maimaita ba, domin kaina na sunkuye.

Washegari ya fito teburinsa kamar kullum, amma ban ga alƙalamin ya motsa ba. Na nemi ya ba ni kaset-kaset ɗin in dawo da su a matsayin shaida. Ya ƙi.

"Bar mini su, magatakarda. A tsibirin nan babu mai faɗa da Hausa. Ko rigimar shinkafa ce, zan saurara." Ya taɓa fankon da ke gabansa. "Waɗanda babu su nake tunani. Wataƙila wani ya ɗauka ya sa a mota, bai goge ba. Kada ka tozarta kowa saboda ni. Ka dai tambaya."

Ya raka mu har tasha duk da mun hana shi, maiɗakinsa kuma ta cika mana jaka da ɓaure busasshe da zuma, wanda ya fi komai nauyi a gare ni. A dawowa teku ta yi lumui, Alhaji bai kwanta ba. Mun sauka Greensboro lafiya, aka tarbe mu ana tambayar ko Malam ya ji daɗin saƙo.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mun iya karɓar amana da baki, mu yi mata addu'a, mu sa ta a kabad ɗin da mabuɗinsa ke hannun kowa. Na ga mutumin da ke zaune cikin waɗanda ba su jin harshensa, yana barin shafi fari don gudun yi wa mahaifiyarsa ƙarya, mu kuma da muke da harshen a bakinmu mun shafe muryarta don kada mu je kanti mu sayi sabon kaset. Malam ya yafe nasa. Ƙungiya ba ta da hurumin yafe wa kanta.

Saboda haka ina gabatar da wannan buƙata ga shugaba da majalisar dattawa. Ina roƙon a kafa kwamiti, wanda babu mai riƙe da muƙami a cikinsa, har da ni, ya binciki wanda ya buɗe kwalin, da wanda ya ba da izni, da wanda ya sake naɗe shi ya bari aka aike mu da shi. Ina roƙon a rubuta wa Malam takardar neman gafara da sunan ƙungiya baki ɗaya. Ina kuma roƙon a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, tun da yanzu mutane na komawa faifan sidi suna zubar da tsofaffin kaset: kowa ya duba motarsa, da durowarsa, da garejinsa, kafin ya zubar da komai. Wanda ya ga kaset mai rubutu da koren tawada, kada ya goge, kada ya ji kunyar kawowa. Ya sa a ambulan ya tura ta ƙarƙashin ƙofar ofis, ba sai ya rubuta sunansa ba. Ko guda ɗaya aka samu, a ba ni izni in koma in kai masa tun yana iya hawa matakalar nan.