Hannu a Baya

A unguwarmu ba mai kiranta da sunanta, sai Mai Jaka. Ita ce ungozomar da ƙaramar hukuma ta ajiye don bin mata gida-gida, kuma rabin yaran layinmu a tafin hannunta suka fara kuka. Jakarta baƙa ce, mariƙinta ya tsinke an ɗaure da robar ƙarin ruwa. Kullum tana bakin ƙofa, kusa da takalmanta. Ko biki ta je, kujerar bakin hanya take nema.

Ba ta da hutu, don ba mai canjinta. Ofis ya ce za ta huta ranar da ɗaya daga cikin ɗaliban da ake turo mata ta karɓi haihuwa ita kaɗai, malama na tsaye, hannu a baya. Ɗalibai sun zo sun wuce, ba wadda ta tsallake. Ba don ba su iya ba. Da kan jariri ya leƙo, sai hannun Mai Jaka ya riga tunaninta.

Bana abin ya zame mata ƙaya a ƙafa. 'Yarta tilo tana wani gari mai nisa da tsohon ciki, na fari, kullum tana waya: “Inna, kin karɓi na kowa. Nawa fa?”

Ranar da yayata ta fara naƙuda da hantsi, ina kusurwar ɗakin riƙe da tawul. Mai Jaka ta shigo da ɗalibar bana, wata siririya mai sanyin murya, wadda zamanta zai ƙare a makon. Malamar ta kai hannuwanta baya, ta naɗe su da gefen mayafinta.

“Yau ko sama da ƙasa za su haɗu, ba zan taɓa ba.”

Yaya ta ɗago tana haki. “Inna, a kaina za ku yi gwajin? Ni ce allon makarantar?”

“Rufe baki ki yi nishi. Da kike shan daɗin amarci ai ba ki kira ni ba.”

Ɗalibar ta durƙusa, tana lallashin Yaya a hankali. Kai ya fito, cibiya zagaye da wuya. Na ga yatsan ɗalibar ya riga ya shiga ƙarƙashinta. Na kuma ga mayafin Mai Jaka ya faɗi ƙasa. Kafaɗa ta ture kafaɗa, jariri ya tsala kuka a hannun Mai Jaka.

“Na gan ta fa, Malama,” in ji ɗalibar, ba ta ɗago kai ba.

“Na sani.”

Yaya ta ce, “To ku ce ita ta karɓa mana. Wa zai faɗa?”

“Ni,” in ji Mai Jaka. Ta daɗe tana wanke hannuwanta a roba, tana kallonsu kamar na wata.

Bayan 'yan kwanaki tana gidanmu duba cibiyar jaririn, wayarta ta yi ƙara. 'Yarta ta sauka lafiya, mace. Muka yi ta barka, ita kuwa ta matse wayar a kunne.

“Wa ya karɓa?”

Muna jin muryar 'yar sama-sama. “Wata ɗaliba ce, Inna.”

“Malamarta fa? Tana ina?”

“Tana tsaye daga gefe. Ko motsi ba ta yi ba.”

Sai aka buga ƙofa, wata tsohuwa na cewa surukarta ta fara ciwon mara. Mai Jaka ta ce wa 'yar za ta sake kira, ta ɗauki jakar.