Jijiyar Ɗantani Mai Jigo

A shekarun da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, in ka shiga Boɗinga ka tambayi mai albasa, za a nuna maka mutum goma. In ka ce mai jigo kuwa, mutum ɗaya za a nuna maka, shi ne Ɗantani. Dogo ne, baƙi, ba shi da yawan magana, kuma Allah ya zuba masa taurin kai na fitar hankali. In ya ce gabas, ko liman ne ya zo da littafi ba zai juya shi yamma ba.

Lambunsa yana bakin fadama, ya gaje shi wurin mahaifinsa tun bai ajiye gemu ba. Jigo, ga wanda bai sani ba, doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗayan. Mutum ya tsaya wuri guda, ya ja guga cikin rijiya, ya sake ta ta taso, ya juye ruwan ya bi fangalin albasa. Hannu ne ke aiki, ƙafa tana kafe ba ta motsi. Haka Ɗantani ya yi shekara talatin, daga asuba zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, har sawayensa suka yi rami a jikin kututturen da yake takawa. Da wannan tsayuwar ya yi aure, da ita ya rufa wa kansa asiri, kuma ba shi da wata sana'a bayanta sai noman damina. Ƙafafun nan biyu su ne dukiyarsa, ya kuwa sani.

To, ƙafafun ne suka fara ƙorafi. Tun yana ɗan shekara talatin da 'yan kai jijiyoyi suka taso masa daga bayan gwiwa zuwa idon sawu, suka kumbura suka murɗe kamar igiyar da aka jiƙa. Da safe in ya tashi sai ka ga sun lafa. Kafin la'asar sun cika sun yi tsaye, ƙafar ta yi nauyi, idon sawu ya kumbura. Wani lokaci sha-raɓar ta ɗaure masa tamau sai ya murza. Daga baya fatar wurin ta yi duhu, ta bushe, ta yi santsi, ga ƙaiƙayi mai sa mutum ya sosa har ya ji kunya. Ɗantani bai taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Ya sosa ya koma kan jigonsa.

Abin da ya tayar masa da hankali a ƙafar wani ya gan shi. A daminar da ta wuce kurkunu ya kama maƙwabcinsa Hassan, wannan tsutsar mai kama da zare da ke fasa fata ta fito a hankali. Wata huɗu Hassan yana kwance, ciyawa ta cinye gonarsa, iyalinsa suka shiga rani da rumbu wayam. Ɗantani ya je dubiya, ya ji Hassan yana ba da labarin yadda abin ya fara: ƙaiƙayi a idon sawu, zafi, sai wani abu murɗaɗɗe a ƙarƙashin fata. Ɗantani ya dawo gida ya zauna ya ƙura wa ƙafarsa ta hagu ido, kuma tun daga ranar ya yanke wa kansa hukunci cewa kurkunu ne.

Da bazara ta kama, aka gama cire albasa, sai ya gaya wa matarsa Kulu cewa zai je Kajiji, can ƙasar Shagari. Akwai wani wanzami a can, Mainasara, wanda sunansa ya zagaya ƙauyuka saboda yana tsaga fata ya zaro kurkunu tun bai fasa ba, mutum ya tsira da daminarsa.

Kulu ta ajiye faifan da ke hannunta. Ta ce, "Malam, abin ga ya hi shekara goma ga ƙahwakka. Wane irin kurkunu na ka shekara goma cikin mutum? Ko Innakka, Allah shi jiƙanta, haka nata ƙahwahu suke, kuma ba shi yak kashe ta ba."

Ya ce, "Ke mi kis sani ga ƙahwar namiji? So kike in kwanta kamar Hassan?"

Ta koma kan faifanta, don ta san mijinta. Kashegari ya ɗora wa jaki buhun albasa ya kama hanya a ƙasa. Ya kwana a Shagari, ya shiga kasuwar Kajiji da hantsi, ƙafar ta sha tafiya ta kumbura fiye da kullum.

Ya sami Mainasara a gindin tsamiya, tsoho mai farin gemu, zabirarsa a buɗe, asake da ƙahoni a jere kan buzu, mutane sun kewaye shi suna kallo. Suka gaisa, Ɗantani ya zauna ya miƙe ƙafa a kan wani dutse ya faɗi abin da ya kawo shi. Kafin ya gama bayani jijiyoyin sun fara lafawa, kamar yadda suka saba in ƙafa ta huta. Mainasara ya duba ya ce, "Ya ji ƙamshin aska, ya ɓoye. Tashi tsaye." Haka al'adar aikin take, sai an ga kurkunu sarai kafin a taɓa shi. Ɗantani ya miƙe. Nan take abin ya sake tasowa, ya cika, ya yi kwana-kwana har idon sawu. 'Yan kallo suka ɗauki salati, wani ya ce, "Ga shi nan! Wanga ai uwar kurkunu ta!"

A gaskiya, tsohon ya yi shakka. Ya danna da ɗan yatsa ya ji abin laushi, ya ɗaga yatsa ya ga ya sake cika. Kurkunu ba ya haka, tauri gare shi kamar tsirkiya. Ya fara cewa, "Yaro, abin ga bai yi man kama da..." Ɗantani ya katse shi a gaban jama'a: "Baba, tun daga Boɗinga niz zo don sunanka. In ba ka iyawa, hwaɗa man in koma." Wani ya yi dariya a baya. Mainasara ya ɗaga kai ya dubi mai dariyar, ya ɗauki aska, ya yi bisimilla, ya tsaga a saman idon sawu, mutum yana tsaye.

Ɗantani bai ma ji zafi ba. Abin da ya gani shi ne wani siririn jini baƙi ya yi tsartuwa ya sauka a gemun tsoho da gaban rigarsa. Ya tsaya yana kallo kamar ƙafar wani ce. Mainasara ya goge fuska, ya ce, "Mugun jini na, ku bari shi hita." Aka bari. Jinin bai tsaya ba. Ya cika takalmin Ɗantani, ya malala kan buzu, ya bi ƙasa har mutane suka fara ja da baya. Aka zuba toka, ya wanke ta. Aka cusa garin magani, ya ture shi. Wani mahauci ya kwance igiyar jakin Ɗantani ya ɗaure ƙafar a ƙasan gwiwa, irin ɗaurin da ake wa wanda maciji ya sara. Innalillahi! Maimakon ya ragu, sai tsartuwar ta ƙara nisa.

Kasuwa ta rikice, mata masu nono suka bar ƙwaryarsu suna kururuwa. Gwiwoyin Ɗantani suka saki, ƙattai biyu suka tare shi ta hammata suka riƙe shi tsaye ƙam, wani dattijo yana ta ihu, "Kada ku bari shi kwanta! In ya kwanta ya tahi!" Kunnuwansa suka ɗauki ƙara, ƙishirwa ta kama shi, tsamiyar ta fara juyawa. Mamaki ya fi tsoro yawa a zuciyarsa. Yanka bai kai tsawon farce ba, a ce shi ne zai ɗauke mutum kamarsa da rana tsaka, a garin da ba nasa ba?

Ana cikin haka wani mutum ya ratso taron yana ture mutane. Lirwanu ne, ɗan Mandera, tsohon soja da ya yi shekara biyu yana ɗaukar masu rauni a Bama. Tun dawowarsa ake masa kallon mai taɓin hankali don ba ya son hayaniya. Ya daka tsawa, "Ku sake shi! Kashe shi za ku yi!" Bai jira ba, ya kwashe Ɗantani ya shimfiɗe shi a ƙasa, ya ɗaga ƙafar ya ɗora bisa kafaɗarsa, ya fizge askar daga hannun Mainasara ya yanke igiyar. Ya cire hularsa ya ninke, ya danna a kan yankan da babban yatsa. Dattijon nan ya fara zaginsa, Lirwanu ko kallonsa bai yi ba.

Kafin mutum ya karanta Fatiha sau uku jinin ya tsaya. Ya tsaya cak! Mutanen da suka kusa hallaka shi da taimako suka riƙa kallon juna baki buɗe, Mainasara kuwa ya zame ya zauna cikin jinin yana ta maimaita innalillahi. Lirwanu ya ce da su a hankali, "Jijiyar jini ta. Muddin shina tsaye, jinin jikinai duk nan za shi zubo. Ɗaurin ga da kunka yi, hanyar komawa kunka toshe mai."

A kan takarkari aka kai Ɗantani Boɗinga, ƙafar a naɗe, a ɗage. Kulu ta fito ta gan shi fari fat kamar an shafa masa toka, ta dafe bango. Kwana tara bayan haka ruwan shuka ya sauka. Ɗantani yana kwance yana jin mutane suna wucewa da sungumi.

Ya ɗauka mako biyu zai yi. Amma fatar wurin dama ta riga ta lalace, yankan ya ƙi haɗewa, ya buɗe ya zama gyambo mai ruwa. 'Yan'uwan Kulu suka shuka masa gonar a makare, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Da kaka ta yi aka ɗora shi a jaki zuwa asibiti a Sakkwato. Wani malamin asibiti ya wanke gyambon ya naɗe, Ɗantani yana kallonsa, sai ya tambaya, "Malam, to kurkunun hwa? Yaushe za a hidda shi?" Ka ji taurin kai. Duk watannin nan yana kwance yana jiran tsutsa ta leƙo.

Malamin ya dakata da naɗin. Ya ce, "Wane kurkunu? Babu kurkunu ga ƙahwag ga, ba a taɓa yin shi ba. Jijiyoyin da ka maida jini sama na sunka saki, jini shina taruwa ƙasa. Yawan tsayuwa wuri guda ka kawo shi, ana kuma gadonai. Mata ma suna samu wurin ciki."

Ɗantani ya ji kamar an kwaɗa masa sanda a ƙeya. Ya ce, "Da ba a taɓa ta ba hwa?"

"Da ka riƙa naɗe ta da ƙyalle, kana ɗan takawa, kana ɗaga ta sama in ka huta, da yanzu kana wurin aikinka."

"To yanzu, jigo?"

Malamin ya girgiza kai. "Gyambon ga, in ka yi wuni ɗaya tsaye buɗewa za shi yi, kuma jinin na iya ɓallewa inda babu kowa. Jigo kam sai dai wani."

Ɗantani bai yarda ba, ai kun san shi. Da rani ya shiga ya lallaɓa fadama, ya hau kututturen, ya ja guga. Kafin azahar ƙyallen ya jiƙe sharkaf, wannan karon da kansa ya kwanta a bakin rijiya ya ɗaga ƙafar a kan gwafa, yana kallon sama yana hawaye, mutum ɗan shekara arba'in da bakwai. Da yamma ya aiki Kulu ta kwanto gugar ta kawo gida.

Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka yana tufkar igiya a zaurensa, ƙafar a kan turmi, gyambon ya rufe ya buɗe. Fadamar ba ta da nisa da gidan, daga ƙofa ana hango itatuwanta, amma har ya koma ga Allah bai sake taka hanyarta ba. In lokacin cire albasa ya yi, jakuna suka fara wucewa da kaya ta ƙofar zauren, sai ya ajiye igiyar ya juya fuskarsa bango har su wuce.