Malama Rebecca da Ranar da Gajimare Ya Rufe Mu a Mambila

Duk mai bin hanyar Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni da sassafe ya san ta, ko bai san sunanta ba. Doguwar mace ce siririya, da lema a hammata ko rani ko damina, tana tafe tana duban ƙasa. In ta ga dutse mai wata kama ta daban sai ta tsuguna ta ɗauka ta jefa a jaka. Masu adaidaita sahu sun gaji da yi mata hon, sun haƙura. Wannan ita ce Malama Rebecca Timothy, 'yar Kagoro, malamar labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata da ke Tarauni. Ƙarshen watan nan za ta ajiye alli bayan shekara talatin da wani abu.

Ɗalibanta sun ce kafin a buga ƙararrawa ta riga ta tara yashi a ƙofar aji. Sai ta ɗauko buta ta riƙa tsiyaya ruwa a kan tudun, tana nuna musu yadda ruwa ke cin ƙasa har ya haƙa kwazazzabo. Yara su yi ta dariya. Ba laifinsu ba ne, wanda iyakar tsaunin da ya sani Dala da Goron Dutse, yaya za a yi ya yarda akwai inda kogi guda ke faɗowa daga sama? Abin ya daɗe yana cin ta, har ta ƙudura sai ta kai su sun gani da idonsu.

Ni Safiya nake, ɗinki nake yi, layinmu ɗaya da ita. Shekarun baya 'yata Husaina, tana ajin ƙarshe, ta shigo da murna wai za a kai su tsaunin Mambila, can bakin iyakar Kamaru. Ban ko ajiye almakashi ba na nufi gidan Malama.

"Malama, 'ya'ya mata za ki kwasa zuwa bangon duniya don kallon ruwa? Ba ga madatsar ruwan Tiga nan kusa ba?"

Ta tura mini kujera. "Maman Husaina, tsoronki gaskiya ne, ni ma ina da shi. Ana neman uwa ɗaya da za ta wakilci iyaye. Ki zo mu tafi, idonki a kansu."

Na je hana tafiya, na dawo gida ina haɗa kaya. Har yau ban san yadda aka yi ba.

Sai da muka kwana a hanya kafin mu kai gindin tsaunin. Daga nan komai ya juye mini. Direbanmu, Malam Murtala, yana murza mota a hanyar da ke naɗewa kamar maciji, kunnuwana suka toshe, ina ganin bakin yara na motsi ba na jin abin da suke faɗa. Mun bar Kano zafi na gasa mutane, ga mu nan muna neman bargo. Na leƙa taga na hango gajimare a ƙasanmu. Da lokacin salla ya yi, sai da muka tambayi wani mai shayi gabas, ya nuna mana inda duk muka rantse yamma ce.

Washegari da hantsi muka bar mota muka bi sawun shanu cikin ciyawa. Tun daga nesa ƙasa ke rawa a ƙarƙashin ƙafa. Muna karya kwana sai ga shi: ruwa fari fat yana zubowa daga kan dutse, yana faɗawa cikin wani kwazazzabo da ido ba ya kai ƙarshensa. Yaran nan masu surutu kamar kanari suka tsaya cak suna kallo. Wata mai suna Talatu ta fashe da kuka, aka tambaye ta dalili ta ce ita ma ba ta sani ba. Malama ba ta yi bayanin komai ba, ta tsaya gefe tana kallon fuskokinsu.

Muna cikin haka gajimare ya taso daga cikin kwazazzabon ya lulluɓe mu. Ba a hankali ba, kamar an kifa mana ƙwarya. Na miƙa hannu ban ga yatsuna sosai ba. Yara suka fara ihu suna karo da juna. Malama ta shiga kiran suna, kowa na amsawa, har ta zo kan Husaina. Shiru. Ashe ta matsa gefe ɗaukar hoto.

Can sai muka ji ta: "Umma!" Muryar ta fito daga dama, ta sake fitowa daga hagu, ta dawo daga bayanmu. Duwatsu ne ke mayar da ita. Na zabura zan ruga, ban ma san ina na nufa ba. Malama ta damƙe zanena.

"Sake ni! Ina take? Ke kika kawo mu, ke kika san wurin!"

"Ban san inda take ba," in ji ta. "Ban san ta ina ramin yake ba yanzu. Na rikice kamar ke. Shi ya sa ba wadda za ta ɗaga ƙafa. Kowa ta zauna inda take!"

Ke ce, Malama, wadda ta faɗi haka a gaban ɗalibanta ba ta ji kunya ba. Da kin yi ƙarfin hali kin nuna wani gefe kin ce mu bi, da mun bi ki, kuma Allah kaɗai ya san inda za mu ƙare.

Ta sa yaran suka ciro mayafai da ɗankwalaye aka ƙulla su doguwar igiya. Ta ɗaura baki ɗaya a ƙugunta, ta danƙa mini ɗaya bakin. Sannan ta ɗaga murya: "Husaina, zauna a ƙasa! Kar ki matsa ko taku ɗaya. Karanta abin da kika haddace, da ƙarfi, kar ki tsaya sai na taɓa ki!"

Yarinya ta kama karatun Alƙur'ani cikin kuka. Malama ta durƙusa ta shiga rarrafe, tana laluben ƙasa da tafin hannu. Farin ya haɗiye ta. Igiya ta yi ta zarewa a hannuna har ta ƙare, Malama ta dawo ba kowa, gwiwoyinta na jini. Ta bi amon dutse ne, ba muryar ba. Ta sake nufar wani gefen, nan ma hannunta ya faɗa sarari, bakin ramin ke nan, ta ja da baya. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san karatun ya yanke a tsakiyar aya. Sai igiya ta motsa, aka ja ta sau biyu. Muka taru muka jawo, suka fito tare suna rarrafe, Husaina na riƙe da bakin siket ɗinta. Daga baya yarinyar ta ce ƙafarta ɗaya a kan ciyawar da ta leƙa ramin take.

Ko a nan ba mu fita ba, don hanyar mota ta ɓace mana. Muna zaune a cure, jiƙe sharkaf, sai ga wata Bafulatana, Inna Iyatu, da ƙwaryar nono a ka, ta ɓullo kamar daga sama. Ba ta jin Hausa sosai, mu kuma ba ma jin Fillanci. Ta dube mu ta riƙe baki, ta ce wani abu da "Kamaru" a ciki, ta yafito mu. Muka bi ta a jere har bakin mota, inda muka tarar da Malam Murtala ya yi kiran duniya muryarsa ta dushe. Shi ya rantse ba mu tsallaka iyaka ba. Yara suka ce mun tsallaka. Malama ta ce ita ba za ta rantse a kan ko ɗaya ba.

Da muka dawo Kano wasu iyaye suka tayar da ƙura, suka ce a kore ta. A taron da aka kira ba ta kare kanta ba. Cewa ta yi, "Ni na kai su, ni ce ban lura da sama ba." Aka juyo gare ni, tunda ni na gani. Na miƙe ban san abin da zan ce ba, don raina biyu ne: wadda ta kai mini 'ya bakin rami ita ce ta shiga da gwiwa ta ɗauko ta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "In za a koma gobe, da Husaina za a koma." Ni kaina na yi mamaki. Aka bar ta a aikinta, ta ci gaba da fita da yara, sai dai daga ranar ba ta ƙara zuwa wani tsauni ba sai da ɗan gari a gaba.

Malama Rebecca, uwar 'ya'yan wasu, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma malamai masu tasowa, ku fitar da yaran nan su ga ƙasar Allah, ku tsare su kamar naku, in kun rikice ku faɗa.

Ranar Asabar motar kayanta za ta tashi zuwa Kagoro. Duk wadda ta taɓa zama a ajinta, ko tana Hotoro ko Darmanawa ko gidan aure a Ƙauyen Alu, ta daure ta zo kafin azahar. Ni zan dafa abincin, ku ku zo ku ɗaura mata kaya.