Baƙar Ƙasar Malam Usaini

Da an sallame sallar asuba, Sabiru ba ya tsayawa gaisawa a ƙofar masallaci. Yakan saɓa gudumarsa ya bi ta bayan gari, ya ratsa gonaki har ya isa ofishin kamfanin magani, ginin nan da ke tsaye shi kaɗai a bakin hanya kamar an jefo shi daga sama. Kafin gari ya gama wayewa za ka fara jin duka. Daɓen simintin harabar yake fasawa. A bazarar da ake wannan magana shekarunsa sun haura hamsin, kafaɗarsa ta dama ta riga ta sauka, kuma ba wanda ya sa shi aikin, ba mai biyansa. Ina cikin leburorin da suka zuba simintin nan shekara goma da suka wuce, don haka na san kaurinsa, na san abin da gudumar ke yi wa ƙashin mutum.

A Unguwar Dabo, tsakanin Makoda da Ɗanbatta, babu daji. Inda gona ta ƙare nan wata ta fara, layin gamba ne kawai a tsakani. Ƙasar asali rairayi ce fara, ba ta da wani ƙarfi. Abin da ke sa ta haihu taki ne: kashin awaki, toka, sharar gida, wanda kaka ya zuba, uba ya zuba, ɗa ya zuba, har samanta ya yi baƙi zurfin tafin hannu biyu. Wannan baƙin shi ne gonar. In ka kankare shi, abin da ya rage fili ne kawai.

Gonar Malam Usaini ta fi kowacce baƙi a wannan yanki. Dattijo ne mai ciwon sukari, kullum sai an yi masa allura, kuma allurar ba ta jure zafi. Duk wata sai ya hau mota zuwa Kano ya dawo da ita a cikin ƙanƙara, rabinta ta narke a hanya.

Kafin a gina ofishin nan, Sabiru ɗan acaɓa ne. Kamfanin ya ɗauke shi yana rarraba musu magani a babur, ƙauye ƙauye. Wata rana manajansu, wani matashi mai suna Najib, ya ce suna neman fili a bakin titi, haya ta shekara goma, za su gina ofis da ɗakin ajiya. Sabiru ya kai shi wajen Malam Usaini.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Najib ya karanta takarda ya fassara. Za a biya haya duk shekara. Za a riƙa ba asibitin sha-ka-tafi na garin magani duk wata, har da allurar ciwon sukari, a ajiye ta a firjin kamfani mai aiki da hasken rana. Mai fili ba zai shiga wurin ba sai da izini. In shekara goma ta cika, za a mayar masa da wurinsa yadda aka same shi.

Malam Usaini ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juya wajen Sabiru, bai ko dubi takardar ba.

"Ni ban san kamfani ba," ya ce. "Kamfani ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza. Kai na sani, na san ubanka. Ka tsaya musu?"

"Na tsaya, Baba."

"To, kawo tawadar."

Ya dangwala yatsa, Sabiru ya dangwala nasa a gurbin shaida.

Bayan sati biyu katafila ta zo. Gini ba ya zama a kan taki, don haka aka kankare saman gonar gaba ɗaya aka tara shi tsibi a gefe, aka zuba burji, muka bi da siminti. Ɗan kwangilar ya tsaya yana duban tsibin, ya ce wa ke son wannan dattin, ya tare masa hanyar tifa.

Sabiru yana da wata 'yar gona da ya gada a gabas da gari, fara fat, wadda ko ƙaiƙayi ba ta cika ba shi. Ya ari jaki da mangala. Kwana tara yana jigilar baƙar ƙasar zuwa gonarsa tun da sassafe, kafin mutane su fito. Ya gaya wa ransa ajiya yake yi, in ba haka ba tifa za ta zubar da ita a rami. Bai dai gaya wa Malam Usaini ba. Ya ce gobe, goben ta zama jibi, har aka yi ruwan shuka.

A daminar nan gonar Sabiru ta yi geron da ba ta taɓa yi ba. Ya cika rumbu, ya gina na biyu. Mutane suka ce aikin kamfani ya karɓe shi.

Shekara shida komai ya tafi daidai. Magani na zuwa, firji na aiki, Malam Usaini ya yi ƙiba har ya koma zuwa kasuwar Ɗanbatta. A ta bakwai aka ce kamfanin ya haɗe da wani, ba sa bukatar ofishin. Mota ta zo ta kwashe kwalaye, aka sallami Sabiru, aka sa kwaɗo. Haya ba ta tsaya ba, don lauyansu ya ce wannan dole ce. Magani kuwa ya tsaya cak. Sabiru ya bi Najib har Kano, ya same shi a wani sabon ofis.

"Yallaɓai, allurar Baba fa?"

"Malam Sabiru, duba nan." Ya ɗora biro a kan wani layi na takardar hayar. "An rubuta gwargwadon iko. Yanzu ba mu da iko."

"Ranar nan a zaure ban ji ka karanta wannan ba."

"Na karanta. Wataƙila kana kallon wani wuri."

"To ku ba mu makullin, mu sayi tamu mu ajiye a firjin."

Najib ya ce makulli yana hedikwata, zai rubuta musu.

Masu kwashe kayan sun manta ba su kashe firjin ba. Yana can a kulle, babu komai a cikinsa, rana na ba shi wuta, yana ta gurnani. Duk mai wucewa da tsakar rana, lokacin da gonaki suka yi tsit, sai ya ji shi ta tagar baya. Mata masu zuwa itace suka daina bin hanyar, suka ce wurin ya samu masu shi.

Sabiru ya koma sayo allurar daga Kano. Suka riƙa binne kwalbar a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Wani watan ta yi aiki, wani watan ta lalace ba a sani ba sai jikin dattijon ya nuna. Da zafin bazara ya tsananta, Sabiru ya zo zauren da guduma a hannu.

"Baba, duka ɗaya zan yi wa kwaɗon nan. Firji na can yana sanyaya iska."

"Me takarda ta ce?"

"Su ma ai sun karya tasu."

"Su suka karya. Ni na ce ba zan shiga ba sai shekara goma, a gabanka na faɗa. In ka fasa, ni ka mayar maƙaryaci. Ajiye gudumar, ka sha fura."

Malam Usaini bai kai kaka ba. Ƙafarsa ta yi gyambo, aka kai shi Kano, aka dawo da gawa. Hanyar maƙabarta ta bi ta gaban ofishin, kuma Sabiru yana riƙe da makara ta gaba. Ya ce min ko kabbarar mutane bai ji ba a wurin, gurnanin firjin kawai ya ji.

Daga nan ya rage magana. Mairo, matarsa, ta lura tuwo ya daina shigarsa. Yakan kai loma baki ya tsaya, ya ce da ƙasa a ciki. Ta rairaye garin sau biyu, ta canza mai niƙa, bai daina cewa da ƙasa ba.

Da shekara goma ta cika, wani ɗan saƙo ya kawo ambulan. Makulli ne da wasiƙa. Malamin firamare ya karanta wa Inna Kaltume, matar marigayin: kamfani ya bar wa iyalin ginin kyauta, a madadin mayar da wuri yadda yake, kuma da wannan an rufe magana.

"Kyauta," in ji ta. "Siminti zan dafa wa jikokina?"

Sabiru ne ya buɗe kwaɗon. Ya shiga ya buɗe firjin, sanyi ya bugi fuskarsa, ba komai a ciki sai wani ɗan cokali na roba. Ya zare wayar. Da ya fito, ya durƙusa a gaban Inna Kaltume a bakin ƙofa.

"Inna, akwai maganar da na riƙe shekara goma. Ƙasar gonar nan ba a zubar da ita ba. Tana gonata. Ni na kwashe."

"Yau ka san haka?"

Ya ɗago kai.

"Malam ya ga sawun jakinka tun kwana na biyu. Garin nan har yaushe ya yi girman da za a ɓoye jigilar kwana tara? Duk damina sai ya zagaya ta gabas, ya tsuguna a bakin gonarka, ya damƙi ƙasar ya sansana. Ya dawo ya ce min tana nan lafiya, yaron yana ba ta taki."

"Me ya hana shi yi min magana?"

"Ya ce kai ka tsaya. Wanda ya tsaya ba a tuna masa."

Ta gyara mayafinta ta miƙe.

"Ni ban ce ka dawo da ita ba. Ban kuma ce ka bari ba."

Washegari ya fara fasa daɓen. Ginin ya bar shi, don ba shi da ƙarfin rushe shi, amma harabar ta fi ginin girma sau huɗu. Ya fasa simintin ya kwashe a baro, ya haƙe burjin da ke ƙasa har sai da ya ga farin rairayi. Wannan ya ci masa wata biyu. Sannan ya ari jaki, jikan wancan na farko in ji masu tsokana, ya shiga gonarsa da shebur.

Nan Mairo ta tare shi.

"Baban Ummi, mutane na kai taki gona, kai kana kwashe gonar? A ina aka taɓa yin haka?"

"Ba tawa ba ce."

"Shekara goma kana zuba mata kashin awakina. Nawa fa? Ka tsince min shi ka ajiye gefe."

"In kin iya rarrabewa, ga shebur."

"Kamfani ya ci, ya goge baki, kai ne za ka yi amai? Me za mu ci bana?"

"Zan tafi Kano. Ana gine-gine a Rijiyar Zaki."

"Da wannan kafaɗar?"

Ta tsaya tana kallonsa yana cika mangala, sannan ta yi tsaki, ta riƙe masa ɗaya bakin don kada ta zube.

'Yan majalisar bakin masallaci sun yi ta magana. Wani ya ce a kai kamfanin kotu, wani ya ce a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, wani ya ce Sabiru ya samu taɓin hankali tun ranar jana'iza. Ban ga wanda ya ɗauki shebur a cikinsu ba. Na taya shi kwana uku, bayana ya hana ni ci gaba. A kwana na biyu muna hutawa a inuwar ginin ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru.

"Ka ji?"

"Me?"

"Firjin."

Na ce masa wayar na nan a zare, da idona na gani. Ya ce ya sani.

Ƙasar ba ta isa ba. Shekara goma garma na juya ta, ta gauraya da rairayin gonarsa, iska ta ɗebi nata, ruwa ya ɗebi nasa. Ya kankare gonarsa har ta koma fara kamar yadda ya gaje ta, amma ya rufe kashi biyu ne kawai cikin uku na harabar. Ya auna sauran da taku, ya je ya gaya wa Inna Kaltume ko taku nawa ne, ya ce zai cike da taki duk rani in da rai. Ta ce ta ji. Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ta aika jikokinta suka yi binne, gero da wake.

Ranar da zai tafi, ina zaune a bakin titi ina jiran motar Ɗanbatta. Ya fito da 'yar jakarsa da mangalar da zai mayar wa mai jaki. Bai zo wajen mota kai tsaye ba. Ya ratsa zuwa gonar Malam Usaini ya tsaya a kan iyaka. Ya juye mangalar ciki waje, ya kakkaɓe ta a kan kunya ta farko. Ya cire takalmansa, ya buga su da juna, ya samu tsinke ya sosa ƙasar da ta maƙale a ƙarƙashinsu har ta fita tas. Direba na ta danna oda. Ya sa tafin hannu ya baje ɗan abin da ya zubo, sannan ya sa takalmansa ya taho.